Wace burauza ce ta dace da tsofaffin kwamfutoci masu Lubuntu, kuma ta yaya ake girka ta?

Malamin_Unguwar_Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar Linux. Ina da ƙaramin ajin yamma a Unguwar Rogo, a nan Jos, inda nake koya wa ɗaliban da suka kusa kammala sakandare yadda ake sarrafa kwamfuta, domin tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, yaron da hannunsa bai saba da linzami da allon rubutu ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu, ta tambayoyi da ta na'ura.

Wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya kawo mini tsofaffin kwamfutocin cinya guda huɗu. Uku daga ciki suna da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core 2 Duo da RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi) gigabait 2, ta huɗun kuma ƙarama ce mai Atom N270 da gigabait 1. Duka Windows 7 ce a kansu, kuma da na ji cewa Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, sai na ɗora Lubuntu 24.04, wani nau'in Linux mara nauyi da ke maye gurbin Windows, a kan ukun. Ƙaramar ta ƙi ko da tashi daga filashin, don haka na ajiye ta a gefe.

Lubuntu kanta ba ta ba ni matsala ba, tana tashi da sauri, yara suna rubutu da LibreOffice lafiya ƙalau. Damuwata ita ce Firefox da ta zo a ciki, wato burauzar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Buɗewar farko bayan an kunna na'ura takan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma da zarar shafuka sun kai uku ko huɗu sai komai ya sandare. Ranar Asabar da ta wuce wata ɗaliba ta buɗe Gmail, ta buɗe shafin gwajin tambayoyi, ta kuma buɗe bidiyon darasin lissafi a YouTube. Linzamin ya tsaya cak, 'yar fitilar faifan ajiya ta kunnu ta ƙi mutuwa, muna zaune muna kallonta har aka kira sallar magariba, yarinyar ta tafi gida ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin daga Rikkos take zuwa.

Na yi bincike na ga ana ambaton Falkon, Midori, Pale Moon da Dillo a matsayin burauzoji marasa nauyi. Wacce ce a cikinsu za ta iya aikin da muke yi, kuma ta wace hanya ake girka ta ba tare da na lalata tsarin ba? Ku lura cewa da datar wayata muke amfani, don haka sauke abu ɗaya sau huɗu ba ƙaramin nauyi ba ne a gare ni. Sannan ko akwai abin da za a iya yi da ƙaramar? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Taminus

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da ladan wannan aiki. Ina gyaran kwamfuta a kusa da Taminus, kuma irin waɗannan na'urori kusan kullum suna shigo mini, don haka zan faɗa maka abin da na gani da hannuna.

Abu na farko da nake son ka riƙe shi ne cewa mafi yawan nauyin da kake gani ba daga burauzar yake fitowa ba, daga shafukan da aka buɗe ne. Gmail da YouTube da WhatsApp na kwamfuta manhajoji ne sukutum da aka rubuta da JavaScript, harshen da ake tsara ayyukan shafukan intanet da shi, kuma duk burauzar da za ta iya tafiyar da su dole ta ɗauke su a cikin RAM. Haka kuma tun ƙarshen 2021 Firefox ta fara ware kowane gidan yanar gizo a cikin nasa aikin daban, domin kada wani shafi ya leƙa bayanan wani, bayan raunin Spectre da aka gano a firosesoci a 2018. Wannan kariya ce mai amfani, amma tana cin wuri. Idan gigabait 2 ɗin ta cika, sai Linux ta fara kwashe abin da ke cikin RAM tana zubawa a faifan ajiya, kuma tsohon faifai mai juyawa ba ya iya bin wannan gudun. Fitilar da kuka zauna kuna kallo ranar Asabar, aikin da take nunawa ke nan. Saboda haka idan ka sauya burauza kawai, ka bar ɗaliba ta buɗe waɗancan shafuka uku a lokaci guda, za ka sake ganin abin da ka gani.

Jinkirin buɗewar farko kuma dalilinsa daban ne. Tun daga Ubuntu 22.04, tsarin da aka gina Lubuntu a kansa, Firefox tana zuwa ne a cikin ƙunshin da ake kira snap, kuma Lubuntu ta gaji wannan. Ƙunshin a matse yake, yana ɗauke da nasa kayan aikin daban da na tsarin, sai an warware shi kafin ya tashi. A sabuwar na'ura ba a cika lura ba, amma a Core 2 Duo mai tsohon faifai ana ji sosai. Shawarata ita ce ka cire na snap ka sa Firefox ta asali daga Mozilla, kamfanin da ke yin ta.

Ka fara da wannan umarni a Terminal, tagar da ake rubuta umarni, bayan ka adana alamomin shafukanka idan kana da su:

sudo snap remove firefox

Ka yi hattara a nan, domin wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe ke nan. Idan ka rubuta sudo apt install firefox kai tsaye, snap ɗin da ka cire ne zai dawo, saboda ƙunshin da ke rumbun Ubuntu ɗan aike ne kawai wanda yake kiran snap. Hanyoyi biyu ne na kauce wa hakan. Ta farko, tun Janairun 2024 Mozilla tana da nata rumbun na ƙunshin deb a packages.mozilla.org. Za ka sauke makullin sa hannunsu, ka ƙara adireshin rumbun, sannan ka ƙirƙiri fayil a /etc/apt/preferences.d/ ka ba rumbun nasu fifiko na 1000 domin apt, manhajar da ke girka ƙunshi, ta riƙa zaɓensa a kan na Ubuntu. Umarnan suna nan a jere a shafin taimako na Mozilla, kuma ya fi kyau ka kwafo su daga can kada harafi ɗaya ya kuskure. Amfanin wannan hanya shi ne Firefox za ta riƙa sabuntuwa tare da sauran tsarin.

Ta biyu ita ce ta fi dacewa da matsalarka ta data. Ka sauke matsattsen fayil ɗin Firefox na Linux daga shafin Mozilla sau ɗaya, bai kai megabait 100 ba, ka sa shi a filashi, ka warware shi a cikin babbar jakar mai amfani (Home) a kowace na'ura, ka kunna fayil ɗin da ake kira firefox a ciki. Ba ta buƙatar wani girki, kuma da kanta take neman sabuntawa muddin jakar tana wurin da mai amfani yake da ikon rubutu. Sai dai kai za ka yi mata alamar dannawa a fuskar allo.

Bayan haka ka sa mata uBlock Origin, mai toshe talla, daga shafin ƙarin kayan Firefox. Ban san wani abu guda da yake rage wa tsohuwar na'ura nauyi kamar toshe tallace-tallace da masu bin diddigi ba, kuma datarka ma za ta ƙara auki. Daga nan ka rubuta sudo apt install zram-tools ka sake kunna na'urar. Abin da zram take yi shi ne matse bayanai a cikin RAM ɗin kanta maimakon a jefa su faifai, kuma a kan gigabait 2 bambancin a bayyane yake.

Game da Falkon, ina son ta, kuma tunda da kayan aiki ɗaya aka gina ta da fuskar Lubuntu, tana zama daidai a ciki. Umarni ɗaya ne, sudo apt install falkon, tana kuma zuwa da nata mai toshe talla. Amma injinta na Chromium ne, wato tushen Google Chrome, don haka kada ka sa ran za ta mayar da YouTube ya zama mara nauyi.

A ƙarshe, idan da hali, ka juya na'urorin ka buɗe murfin ƙasa ka duba ko akwai gurbin RAM da ba kowa, ka kuma karanta rubutun jikin wadda ke ciki ka ga DDR2 ce ko DDR3. Yawancin masu Core 2 Duo suna karɓar gigabait 4, kuma ana samun na hannu a wurin masu gyara.

Hajiya_Wuse

Sannu da ƙoƙari, Malam. Na yarda da kusan duk abin da Injiniya ya faɗa, amma akwai ɓangaren da nake ganin ya kamata a tsaya a kansa, tunda yara ne suke amfani da na'urorin kuma za su shigar da adireshin imel da kalmar sirri, wataƙila wata rana har da katin banki idan an zo biyan kuɗin wata rajista ta Remita. Ina aikin kula da na'urori a wani ofishi a nan Abuja, kuma abin da nake fara tambaya game da kowace burauza shi ne wane ne yake toshe ɓarakarta, kuma sau nawa yake yi. Firefox tana fitar da sabon zubi kusan kowane mako huɗu, da gyaran gaggawa a tsakani idan an gano wani rauni. Ƙananan burauzoji ba su da ma'aikatan da za su bi wannan sawu. Falkon da ke rumbun Ubuntu, alal misali, ta dogara ne da injin da aka ƙunsa tare da tsarin, wanda yakan kasance a bayan Chromium ta yanzu da tazara. Don haka ni ba zan hana ka sa ta ba, amma ka bar ta ga karatu da bincike, duk abin da ya shafi kalmar sirri ko kuɗi a yi shi a Firefox da aka sabunta.

Sauran sunayen da ka ambata, jerin da ka gani wataƙila tsofaffi ne. Midori da ake yabo da rashin nauyi ita ce ta da, mai injin WebKit. A 2019 ta koma hannun wata ƙungiya mai suna Astian, kuma wadda ake saukewa yanzu a kan tushen Firefox aka gina ta, saboda haka ba za ka samu sauƙin da kake nema ba. Pale Moon kuwa ta rabu da Firefox tun da daɗewa, tana da nata injin mai suna Goanna, kuma gaskiya ba ta cin RAM sosai, amma manyan shafukan zamani ba da ita ake gwada su ba, sau da yawa wani maɓalli zai ƙi dannuwa ko fom ya ƙi tafiya. Ƙari a kan haka, tun 2024 zubinta na hukuma mai bit 64 yana buƙatar firosesa mai AVX, wani rukunin umarnan lissafi wanda sai a 2011 Intel ta fara sa shi, don haka Core 2 Duo ba ta da shi. Kana iya tabbatarwa da kanka idan ka rubuta lscpu ka duba ko akwai avx a jerin Flags da zai fito. Na faɗi wannan ne domin kada ka ƙona data a kan abin da ba zai buɗe ba.

Yanzu ga maganar ƙaramar. Ba lalacewa ta yi ba. Atom N270 firosesa ce mai bit 32 kawai, wato tsohon tsarin da ya gabaci bit 64, kuma Lubuntu ta daina fitar da zubin bit 32 tun bayan na 2018, shi ya sa filashin ya ƙi tashi. Abin da zai yi mata shi ne antiX, wata Linux mara nauyi da aka gina a kan tsarin Debian, ka zaɓi fayil ɗin da aka rubuta 386 a sunansa. Tana tashi da RAM kaɗan ƙwarai, kuma tana da nata wurin girka manhajoji inda za ka zaɓi burauza ka danna kawai. Sai dai ina son ka san cewa ƙofar bit 32 tana rufuwa. Google ta daina yi wa Linux mai bit 32 Chrome tun Maris na 2016. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da faifan girki na bit 32. Mozilla ma ta sanar cewa Firefox 144 ce ta ƙarshe a wannan layi, sai zubin ESR 140 mai dogon zango da ta ce za ta ci gaba da kula da shi har aƙalla Satumbar 2026. Saboda haka kada ka gina ajinka a kan cewa wannan na'ura za ta riƙa shiga Gmail.

Amma tana da aikin da za ta yi da kyau, kuma a nan ne Dillo da NetSurf suke da amfani. Dillo tun 1999 take, ba ta tafiyar da JavaScript ko kaɗan, shi ya sa take buɗewa kafin ka ɗauke yatsa daga linzami. Ba za ta buɗe YouTube ko fom ɗin rajista ba, amma yaro zai karanta Wikipedia ta Hausa da ta Turanci da sauran shafukan rubutu zalla ba tare da ɓata lokaci ko data ba. NetSurf ta ɗan fi ta iya tsara fuskar shafi. Idan ka ga haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa kamar ƙananan akwatuna, ka girka fonts-dejavu, domin tana ɗauke da su duka. Ni da nawa ne ajin, zan mayar da ƙaramar teburin koyon buga rubutu da karatu, in bar ukun ga gwajin jarrabawa.

Dalibin_Naraguta

Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kuma da irin wannan na'ura mai gigabait 2 na yi shekara biyu ina karatu, don haka zan ƙara abu biyu a kan abin da manyana suka faɗa.

Na farko game da bidiyo ne. YouTube takan aiko da bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda tsohuwar firosesa take shan wahala kafin ta warware su. Akwai ƙarin kaya na Firefox mai suna h264ify wanda yake sa a aiko da H.264, wanda ya fi sauƙin warwarewa. Idan kun haɗa shi da rage ingancin hoto zuwa 360p, darasin lissafi zai tafi ba tare da yankewa ba kuma rubutun allo yana karantuwa. Ku kuma kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, domin yana cinye data ba a sani ba. Idan na'ura ta fara nauyi, ku rubuta about:processes a wurin adireshi, za ku ga shafin da ke cin RAM ku rufe shi tun kafin linzami ya tsaya.

Na biyu, wataƙila wani zai ba ku shawarar Puppy Linux saboda ƙaramar. Na yi amfani da ita, tana da sauri domin a cikin RAM take zama, amma mai amfani da ita yana da cikakken ikon shugaban tsarin a koyaushe, kuma yaro mai koyo zai iya goge abin da bai kamata ba da dannawa ɗaya. Chromium ma ba ta yarda ta tashi a wannan matsayi sai an bi ta wani asusu mai suna spot, ko kuma an kashe mata kariyarta, abin da bai dace ba. Ga aji irin naku, shawarar Hajiya ta antiX ta fi kwanciyar hankali.

Malamin_Unguwar_Rogo

Injiniya, Hajiya, da kai ɗana na Naraguta, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na jinkirta amsa ne domin in gwada tukuna.

Na bi hanya ta biyu da Injiniya ya nuna. Na sauke Firefox sau ɗaya da dare, na zagaya da filashi kan na'urori ukun, na cire ta snap, na sa uBlock Origin da h264ify da zram-tools. A na'ura ta farko na yi kuskuren da aka gargaɗe ni a kansa, hannuna ya riga ni na rubuta umarnin apt, sai na ga snap tana sake saukowa, na dakatar da ita na sake cirewa. Yanzu buɗewar farko ta ragu sosai, kuma jiya ɗalibar nan ta Rikkos ta zauna ta amsa tambayoyin gwaji arba'in a jere, ina tsaye a bayanta ina kallon fitilar faifan, tana ƙiftawa kawai tana mutuwa. Na kuma rubuta doka a kwali na manna a bango cewa shafi biyu kawai ake buɗewa a lokaci guda, kuma mai kallon bidiyo ya rufe Gmail tukuna. Falkon na sa ta a na'ura ɗaya domin gwaji, na kuma gaya wa yara kada su shigar da kalmar sirri a cikinta.

Ƙaramar ta karɓi antiX ba gardama. Wani yaro ɗan aji huɗu ya buɗe tarihin Jos a Wikipedia ta cikin Dillo, ya karanta labarin haƙar kuza ya kwafe shi da hannunsa a allon rubutu, kuma haruffa masu ƙugiya sun fito daidai ba sai na girka komai ba.

Injiniya, na buɗe murfin ƙasan ukun kamar yadda ka ce. Biyu suna da sandar RAM ɗaya mai gigabait 2 da gurbi ɗaya da ba kowa, an rubuta PC2-6400 a jikinsu. Ta ukun kuma sanduna biyu ne masu gigabait ɗaya ɗaya, gurbin duka a cike. Idan kuɗin da ke hannuna na abu ɗaya ne kawai a wannan watan, in fara da ƙarin RAM ga biyun nan, ko in sayi ƙaramin SSD, faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ga ta ukun?

Injiniya_Taminus

Malam, PC2-6400 ita ce DDR2 mai gudun 800. Ka fara da RAM ga biyun, domin cikarta ce take jawo sandarewar, kuma sanda biyu na hannu za su gyara maka na'ura biyu a lokaci guda. Ka nemi ƙananan sanduna na kwamfutar cinya, ba dogaye na tebur ba, ka tafi da na'ura ɗaya a gwada a gabanka, ka rubuta free -h ka ga adadin ya kusa gigabait 4 kafin ka biya. Ka cire batir da wayar caji kafin a taɓa ciki, kuma da yake iskar hunturu a bushe take a Jos yanzu, ka taɓa wani ƙarfe da hannunka tukuna saboda wutar da jiki ke tarawa. Ta ukun ka bar ta da zram zuwa wata mai zuwa, sannan mu duba ko SSD ko sauya sandunan ne zai fi mata.